Jirgin da Aka Bari a Kan Yashi

Ina aji biyar na firamare a Yelwa aka ba ni aikin da ya fi kowane aiki daɗi a gidanmu, wato karanta wa kakana littafi. Mahaifin babana ne, tsohon masunci wanda ciwon gwiwa ya raba da ruwa, ya koma gyaran taru a gindin mangwaron ƙofar gida. Yana karanta Alƙur'ani, yana rubutun ajami, amma boko ko harafi ɗaya bai sani ba. A ganinsa duk abin da aka buga a takarda wani mutum ne mai hankali ya zauna ya faɗe shi, saboda haka ana saurarensa yadda ake sauraren baƙo.

Da an yi la'asar Inna takan sallame ni daga wanke-wanke, in ɗauki tabarma in fita. Ƙannena na can suna fama da tukwane, ni ina nan ina cin gasasshiyar karfasa da Kaka yake ɓoye mini a cikin hularsa ta malafa. Ba na jin kunyar faɗa, rabin son karatuna a lokacin gudun tukunya ne.

Littafin tsoho ne, iyayenmu ma sun karanta shi a makaranta. Bangonsa ya daɗe da tafiya, babana ya naɗe shi da takardar buhun siminti. Labarin wani yaro ne da 'yan fashi suka kama yayansa suka gangara da shi kogi. Yaron ya kwance jirgin wani tsoho da sassafe ba tare da ya tambaya ba, ya bi su. Ya yi faɗa da kada, ya kwana a tsibiri, ya yaudari 'yan fashin ya kuɓutar da ɗan'uwansa. Sai suka ja jirgin kan yashi, suka biyo ayarin fatake ta tudu har gida, gari ya fito tarbarsu da kiɗa. Ina son yaron nan kamar ɗan ɗakinmu. Da na kai shafin ƙarshe na rufe littafin ina murmushi, ina jiran Kaka ya yaba.

"Ci gaba, amarya," in ji shi, bai ko ɗago daga tarunsa ba. Haka yake kirana, irin wasan kaka da jika.

"Ya ƙare, Kaka."

"Ya ƙare ƙaƙa? Jirgin mutane hwa?"

Na ce ai ba a sake maganarsa ba. Ya ajiye zaren hannunsa ya dube ni kamar ni na ɗauki jirgin.

A bakin ruwanmu, idan rai ne a gaba, naƙuda ko wani ya faɗa ruwa, mutum yana iya kwance jirgin kowa ya tafi, ba mai ce masa komai. Amma wajibi ne ya dawo da shi inda ya kwance shi, ya kwashe ruwan ciki, ya ɗaure, sannan ya je ya yi wa mai shi bayani da bakinsa. Wanda bai yi haka ba, ko ya ceci gari guda, sunansa ɗaya ne.

"Wanga yaro ɓarawo na," in ji Kaka. "Sati ukku muna zaune muna yabon ɓarawo. Naɗe tabarmakki, ki tai ki taya uwarki aiki. Na gama da boko."

Kwana biyu ina wanke tukwane, ƙannena suna yi mini gwalo. Ba tukwanen kaɗai suka dame ni ba. Na kasa jure a ce wa yaron nan ɓarawo, kuma na yi kewar zaman gindin mangwaro fiye da yadda na zata. A rana ta uku na ɗauko littafin lissafina, wanda shi ma da takardar siminti aka naɗe shi, na fita na ce wa Kaka malaminmu ya ba ni littafi na biyu na labarin. Ban san akwai na biyu a duniya ba. Na buɗe shafin da ake koyar da rabawa, na ɗora yatsa a kan lambobi, na fara zuba.

Na sa yaron ya tuna da jirgin bayan shekara biyu. Ya koma ya same shi a kan yashi yadda ya bar shi, ya tura shi ruwa, ya tuƙo shi har gida, ya miƙa wa tsohon. Tsohon ya sa masa albarka, ni kuma don karamcina na ƙara masa da auren 'yar tsohon. Kwana huɗu na yi ina wannan aiki, har da juya shafi da lasar yatsa.

Kaka ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Shekara biyu bisa rairai, cikin rana?"

"Haka aka rubuta."

"Kuma yat tura shi ruwa, bai sha ba?"

"Ko ɗigo," in ji ni, da ƙarfin halin wadda ba ta san abin da take faɗa ba.

Ya yafe wa yaron, na samu tabarmata da karfasata. Amma fushin bai mutu ba, komawa ya yi kan marubucin. Kullum da hantsi Kaka yakan dogara sanda ya gangara tashar jirage, inda tsofaffin abokansa suke zama a rumfa suna kallon masu lodin buhunan shinkafa da albasa zuwa Wara. Can ya kai ƙarar marubucin. Ya ce mutum ne da bai san wani ruwa ba sai na buta. Ya ce a ba shi filafilin tuƙa jirgi ya ga ko ba zai riƙe shi a juye ba. Tsofaffin suka samu abin yi. Har ta kai idan wani matashi ya ɗaure jirgi ba daidai ba, sai su ce masa ko shi ne ya rubuta littafin. Ina jin duk wannan daga bakin Kaka da la'asar, ina taya shi dariyar dole.

Wajen wata guda ana haka yayana ya dawo hutu daga kwaleji a Sakkwato. Bayan ya gaida kowa ya zo gindin mangwaro ya tsuguna, ya zaro wani littafi sabo fil daga jakarsa.

"Baba tsoho, an ce kuna karatu da wagga sarkin surutu. Ga na biyun na samo muku."

"Mun riga mun karanta shi," in ji Kaka. "Shirme na."

Yayana ya dube ni, ya dubi littafin da ke kan cinyata. Ya miƙo hannu ya buɗe shi, ya ga lissafi. Allah ya saka masa da alheri, bai tona ni ba, ajiye sabon littafin ya yi a gabana ya shige gida, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ni kuwa na zauna da littafi biyu a gabana, na ga ba wata hanya. Na faɗa wa Kaka komai ina kuka, majina har baki.

Na ɗauka zai yi faɗa kan na yaudare shi, sai na ga abin da ya tayar masa da hankali daban ne. Ya ce, "Ashe wata guda ina cin naman bawan Allah, bai ji ba bai gani ba. Kuma gaban mutane nic ci shi." Ya ce abin da aka ɓata a gaban jama'a, a gaban jama'a ake gyara shi. Ran nan bai ba ni kifi ba, bai kuma yi mini wasa ba, wannan ya fi duka zafi.

Washegari Asabar ya tasa ni gaba har rumfar tashar jirage. Na tsaya a gaban tsofaffi bakwai ko takwas, ga masu lodi sun daina lodi, na ce ni ce na ƙirƙiri jirgin da bai sha ruwa ba. Suka yi dariya har wani ya sarƙe da goro. Wani mai farin gemu ya ce a ba ni sarautar ruwa. Kaka bai yi dariya ba. Ya nuna mini wani kifaffen kwale-kwale ya ce in zauna in karanta musu na gaskiyar, su ji da kunnensu.

Tun daga babin farko na gane marubucin ya fi ni sanin abin da yake yi nesa ba kusa ba. Yaron ya koma ya tarar da jirgin ya tsage daga kai har gindi, gara ta cinye gefe guda, awaki suna kwana a inuwarsa. Tsofaffin suka yi ta gyaɗa kai. Da ya je wurin mai jirgin, ya tarar shekara biyu ke nan tsohon yana bin jiragen wasu a ba shi ɗan abin miya, alhali shi yaron ana can ana yi masa kirari. Sai yaron ya shiga wurin maƙeran jirgi, ya yi rani guda yana ɗaukar katako, yana buga ƙusa, yana cusa tsumma a tsagu, har suka ƙera masa sabo. Da ya kai, tsohon bai yi godiya nan take ba. Shiga ya yi ya zauna a ciki, yana duba ƙasan ko zai ga damshi. A nan sai da na dakata, don rumfar gaba ɗaya ta kaure da cewa haka ne, haka ake yi.

Yanzu da nake koyarwa, ina jin manya suna cewa na biyun bai kai na farko ba, a bar yara da na farko ya ishe su. Gaskiya ne faɗa ya yi ƙaranci a cikinsa, kada ɗaya ne tak, shi ma barci yake yi. Amma ni ba na yarda. Na farkon yana sa yaro ya so zama jarumi, kuma kowane yaro dama yana so. Na biyun ne yake nuna masa cewa akwai wanda ya kwana da yunwa saboda jarumtakar, kuma wani zai koma ya gyara. Ɗalibaina sukan yi gunaguni a babi biyu na farko, daga nan sai su fara gardama a kan ko tsohon ya kyauta da bai yi godiya ba, in rasa yadda zan kore su su fita hutun tara.

Asabar uku muka yi a rumfar nan. Ranar da muka gama, Kaka ya sa aka kira yayana ya tambaye shi garin da marubucin yake, yana so a rubuta masa takarda a nemi gafara. Yayana ya ce ai ya rasu tun kafin a haife mu.  Sai Kaka ya cire malafarsa ya ce wa abokansa, tunda tare suka ci, su ɗaga hannu tare. Suka yi wa mutumin addu'a mai tsawo, masu lodi ma suka shafa.

A hanyar gida ya dafa kafaɗata maimakon sandarsa, muna hawa a hankali. Ban san ko an yafe mini ba. Sai da muka kusa gida ya ce, "Ƙaryar taki ce, ki tuba ga Allah. Amma a ce jikata, cikin gidana, ba ta san abin da rana ka yi ma jirgi ba, wanga laihina na."

Da gari ya waye ya sa babana ya raka mu har bakin ruwa, ya goya shi ya zaunar da shi a gindin jirgi. Shekara huɗu rabonsa da shiga. Na ga yadda ya runtse ido don zafin gwiwa, na ce mu fasa. Ya ce in rufe masa baki in zauna a tsakiya. Sannan ya miƙo mini filafili, ya kama hannuwana biyu ya gyara musu riƙo, ya ce wa babana ya tura mu.