Ranar da Inna ta kalle ni

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Na daɗe ina jujjuya wannan magana a raina kafin in iya rubuto ta, kuma ina roƙon a sakaya sunana. A shekarar da abin ya faru ni lakcara ce a wata babbar makaranta a Birnin Kebbi, ina zaune a Gwadangaji da maigidana da 'ya'yanmu. Gaskiya a lokacin ina ji da kaina. Ɗalibai suna tsorona, suna kuma rububina, domin duk wanda na duba wa furojek, wato binciken kammala karatu, ya san sai ya yi gumi, amma ya san zai fita da abin kirki. Ko layi ɗaya ɗalibi ya kwafo daga aikin wani sai na gano, har abokan aiki suna yi mini tsiya wai da 'yar sanda na zama da tuni ɓarayi sun bar jihar. Ina jin daɗin tsiyar nan ƙwarai, don na ɗauka ba abin da zai gilma ta gabana ban gani ba.

Mutane suna cewa mu malamai hutawa muke yi idan damina ta yi tsakiya aka ba da dogon hutu. Mai faɗin haka bai taɓa leƙa gidan lakcara ba. A lokacin ne malaman firamare suke zuwa ƙaro karatu, manya da su, wasu da furfura, wasu da goyo, a cika aji maƙil ba lasifika, sai ka yi ta ɗaga murya kamar mai talla. Ka fito daga aji ka tarar da 'yan furojek sun yi layi a ƙofar ofis, kowa da babinsa a hannu da uzurinsa a baki. Ka dawo gida ka iske yara suna hutu, sun juye falo, sun cinye abin da ka ajiye don dare tun da rana. Maigidana mutum ne mai haƙuri, amma shi ma har ya fara tambaya cikin wasa ko sai ya yi rajista a ajina kafin ya samu ganina. A kan wannan duka aka ƙara mini koyarwa duk ranar Asabar a wata cibiyarmu da ke Argungu. Ban yi gardama ba, na ma yi murna, domin Argungu garinmu ne, kuma mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana can tare da ƙanena mai noman shinkafa a fadama. Na ce shi ke nan, ga aiki ga zumunci a tafiya ɗaya.

Sai na yi bayanin yadda muke da Inna kafin a gane sauran. Ni ce 'yarta ta fari, kuma ita mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, ban kuma taɓa haɗa ido da ita ba. Idan na shigo sai ta kawar da kai, ta amsa gaisuwata tana fuskantar bango ko tana wasa da bakin tabarma. Idan za ta yi magana a kaina sai ta ce mutanen Birni. Ƙanena kuwa har rigima suke yi da ita a kan kifi, ta zage shi ya yi dariya. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙiyayya ba, haka muka tashi muka gani a gidaje da yawa, kuma na san duk wani abin daɗi da ya shigo gidan sai an ware na mutanen Birni.

To, duk Asabar bayan la'asar, idan na tashi daga aji, sai in tsaya da mota a ƙofar gida in danna hon, in shiga da ledar cefane. Kullum a wuri ɗaya nake samunta, zaune a ƙofar ɗakinta, buta a dama, carbi a hannu, an shimfiɗa mini tabarma a gefe. In durƙusa in gaishe ta, ta amsa kanta a karkace, in tambayi lafiya ta ce sai godiya. Kafin mu ƙare gaisuwa waya ta fara ruri, ko ɗalibi ne yana neman in duba masa babi, ko yara ne suna kawo ƙarar juna. Sai in ce zan kama hanya kafin hadari ya taso, ta ce a gaida su. Na lura ta daina turara shinkafa, sana'ar da ta yi shekaru tana yi, sai na ji daɗi na ce ta yarda ta huta ke nan. Ta aiko ƙanena ya ce mini fitilar ɗakinta ba ta da haske, na sayo mata mai caji. Ba a jima ba aka ce ita ma ta dusashe, na sayo babba mai sola, har ina zolayar ƙanena wai ko Inna so take ta haska Argungu gaba ɗaya. Ya yi wata 'yar dariya ya sunkuyar da kai, ni kuma na shiga mota.

Wata Asabar na tashi muryata ta dishe ɗif saboda ihun da na sha a aji duk makon. Na je Argungu duk da haka, na gwada magana abin ya ƙi, sai na ba ɗalibai aiki na sallame su tun da hantsi. An kwana ana ruwa, lungunmu ya cika da taɓo, don haka na bar motar a bakin titi na taka da ƙafa. Ba hon, ba ƙarar mota, kuma ba lokacin zuwana ba ne. Na yi sallama da wata murya da ni kaina ban san ta ba. Inna tana zaune a tsakar gida, sai ta ɗago kai ta dube ni. Ta dube ni sosai, ido cikin ido, fuskarta a sake, har da murmushi. Shekaruna sun haura arba'in, ban taɓa ganin fuskar mahaifiyata ta gaba haka ba. Na tsaya cak da leda a hannu, ina tunanin ko wani abu na yi, ko kuwa yau ce ranar da ta gaji da kunyar.

Sai ta kira ni da sunan maƙwabciyarmu, aminiyarta tun suna amare. Ta tambaya ko mura ce ta kama ta haka, ai ta faɗa mata ta daina wanki cikin ruwan sama. Ta ce ta matso ta ɗiga mata maganin nan da wuri, yau Asabar, kada yarinyar ta zo ta tarar ido yana hawaye. A nan ta faɗi sunana. Sunana na yanka, cikakke, a hankali, kamar wadda ta saba faɗinsa kullum. Ta ce idan an gama a taimaka a ajiye mata buta a dama, a shimfiɗa tabarmar a inda aka saba, don kada ta yi lalube a gabana. Ta ce idon hagun dai ta haƙura da shi tun kafin azumi, na daman ne yanzu yake ta tsukewa, sai ka ce tana leƙe ta kafar ƙofa. Ta ce don Allah a ci gaba da rufa mata asiri, yarinyar nan ɗawainiya ta yi mata yawa, ga 'ya'yan mutane ga nata ga miji, ko makon jiya ta ji gajiya a numfashinta. Duk wannan tana faɗa idonta yana kaina, a buɗe tar, ba ya ko motsi.

Ban san lokacin da ledar ta faɗi ba. Na matsa na kaɗa hannuna ta gefen fuskarta, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na so in yi ihu, ba murya. Na durƙusa na kama hannunta. Ta shafa yatsuna, ta taɓa agogon da ke hannuna, ta shaƙi turarena, sai na ji jikinta ya ƙame. Ta zare hannunta a hankali, ta jawo mayafi, ta juya kanta wajen bango kamar yadda ta saba, ta ce mini sannu da zuwa, ya hanya. Wannan gaisuwar ta fi komai karya mini zuciya. Na kifa kaina a gwiwarta ina kuka ba sauti, ita kuma tana ta jan carbi.

Daga nan fadama na nufa, da takalmin zuwa aji, ina nutsewa cikin laka har na samu ƙanena a tsakiyar shinkafa. Ina da zafin rai, kowa ya sani, kuma ranar da ina da murya da duk fadamar ta ji mu. Na riƙe masa riga ina huci, ina tambayarsa da raɗa tun yaushe. Ya ce tun bara ta fara karo da kaya a tsakar gida. Ya ce ya so ya kira ni, Inna ta ce idan ya faɗa mini ba ta yafe ba, shi kuma ba zai iya ɗaukar wannan ba. Ya ɗauka tsufa ne, ya saya mata wani ruwan magani a wurin mai talla ranar kasuwa, shi ne maƙwabciya take ɗiga mata. Da na ce ya cuce ni, sai ya dube ni idonsa jajir ya ce Yaya, duk Asabar kina gidan nan, kullum addu'a nake yi ki gani da kanki. Na saki rigarsa.

Ranar Litinin na soke duk abin da ke gabana, karo na farko tun da na fara aiki, na kai ta wurin likitan ido a Birnin Kebbi. Sai da aka haɗa da maƙwabciyar kafin ta yarda ta shiga motata. Likitan ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce hawan jinin ido ne. Ya ce ciwon ba ya zuwa da hayaniya, ta gefe yake fara cin gani a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Na hagu ya mutu gaba ɗaya. Na dama saura ɗan kaɗan a tsakiya, za a yi ƙoƙarin riƙe shi da magani, amma kada mu sa rai da yawa. Ya ce da an kawo ta tun lokacin da ta fara karo da kaya, da akwai abin da za a ceto. Ya tambaye ni ko nesa nake zaune da ita. Maƙwabciyar ce ta riga ni, ta ce masa aiki ne ya yi mini yawa. Ya shawarce mu da ni da ƙanena mu ma a gwada mu, don ciwon yana bin jini.

Na dawo da Inna gidana. Na mayar da ajin Argungu, na rage 'yan furojek, kuma abin mamaki makarantar ba ta rushe ba, aka ba wani ya ci gaba, ɗalibai suka kammala lafiya lau. Ni nake ɗiga mata magani safe da yamma, yara suna rige-rigen riƙe mata hannu zuwa bayi. Ɗan ganin da ya rage ya riƙe na wasu watanni, daga baya shi ma ya tafi, yanzu haske da duhu kawai take bambancewa. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ba ta kuma sake faɗin sunana ba. Wata rana maƙwabciyar ta zo duba ta, na raka ta bakin titi neman Keke, sai ta faɗa mini abin da har yau yake hana ni sukuni. Ta ce Inna ta gaya mata ba rashin idon ne yake sa ta kuka ba. Duk shekarun nan, idan na juya zan fita, sai ta ɗago kai ta bi ni da kallo har in shige zaure. Ta san bayana, ta san tafiyata, amma ba ta san yadda fuskata ta zama ba tun da na girma. Kullum tana cewa wata rana za ta faki idona ta ƙare mini kallo.

Ba na rubuto wannan don in zagi al'ada ba. Kunya ce ta rufe bakin Inna, amma ni ba abin da ya rufe mini ido sai hanzari da waya da jin cewa idan ban je aji ba duniya za ta tsaya. Na ɗauka kai cefane da durƙusawa shi ne kula da uwa. 'Yan'uwana ma'aikata, musamman ku 'ya'yan fari da iyayenku suke kawar da kai idan kun shigo, ku sani ba za su taɓa ce muku ga abin da ke damunsu ba, sai godiya kawai za ku ji har abin ya ƙare. Ku kashe waya ku zauna. Ku zo a ranar da ba a sa ran ku. Ku ga yadda suke tashi, yadda suke ɗaukar kofi, ku tambayi dalili idan sun bar sana'ar da suka saba, ku kai su a duba idonsu ko ba su yi kuka da shi ba. Idan uwa ta kawar da kanta, ku zagaya ta ɗaya gefen ku dubi fuskarta, ku bari ita ma ta ga taku tun tana iyawa. Ni sau ɗaya tak mahaifiyata ta kalle ni a rayuwata, kuma a ranar ba ta ganina.