Gadar Arzika

Arzika ɗan kabu-kabu ne, tsakanin ƙauyensu da kasuwar Tsafe yake jigila. Shi ya goyo injiniyan wani kamfanin 'yan Sin a babur, ya nuna masa rafin da ya raba ƙauyen da titi, da tsohuwar kwalbatin da kowa ke bi. Da rani aka kawo katafila aka farfasa ta, aka jibge manyan bututun kankare a gefe, wai gada za a yi. Sai harbe-harbe suka yawaita a dajin, kamfani ya kwashe mutanensa ya koma Gusau. Ramin da aka bari, mutanen gari suka sa masa suna gadar Arzika.

Damina ta matso. Matarsa Hasana na da tsohon ciki, asibiti kuwa yana tsallaken rafi.

Ya je Gusau. Tafintan kamfanin ya ce masa tsaro lamarin cikin gida ne, baƙi ba sa sa baki, a jira.

Da ya dawo ƙauye, a teburin mai shayi, Malam Tajuddeen, tsohon malamin makaranta da labarun duniya ba sa wuce shi a rediyo, ya ce, "Ai tsarinsu ke nan, Arzika. Sin ƙasa ce mai taka-tsantsan, ba ta tsoma baki a harkar kowa."

Arzika ya dangwarar da kofi. "Malam, taka-tsantsan da katafila? Ran da sunka zo fasa muna kwalbati, wa sunka jira? Wurin rushewa suna da hannu, wurin gyara ne sunka zama baƙi masu kunya?"

"Kai dai ka kawo su."

"Ni na kawo su, awo. Ban manta ba, ba ku barin in manta."

Washegari ya aro shanun noma da igiya, ya kira gayya. Mai unguwa ya tare shi: "Kayan kamfani ne fa."

"To su zo su hana, Baba. In sun zo, sai su kama aikinsu."

Aka gangara bututun cikin rafi, aka danne da duwatsu da marmara. Aikin ya karkace, ruwan farko ma ya zaftare gefe guda. Duk da haka a kansa aka tsallaka da Hasana ran da naƙuda ta tashi.

Daga kamfani ba wanda ya leƙo. Malam Tajuddeen ya ce wannan ma taka-tsantsan ne. Arzika ya daina ɗaukarsa a babur.