Taken da Makaɗi Ya Manta

Kakata, Iya Ladi, ba ta taɓa yarda cewa abin da ke falonmu a unguwar Woolwich ta Landan wuta ce ba. Ta gas ce, maƙale a bango, kuma Iya takan ce wutar da ba ta hayaƙi, ba a gasa gyaɗa a bakinta, rainin hankali ce kawai. Duk da haka ita ke fara jawo kujera gabanta da an idar da magariba. Babanmu ne ya kawo ta daga Wudil a duba mata ido, aikin ya ja, har ta yi sanyi biyu tare da mu. Shekarata goma a lokacin. Maigida take kirana, tana cewa ba ta taɓa ganin miji irina ba, ko goro ɗaya bai taɓa kawo mata ba.

Tatsuniyoyinta da yawa sun zube mini a hanya. Guda ɗaya ce ta ƙi tafiya, ita ce ta makaɗi Tanko.

Tanko makaɗin 'yan kokawa ne. Kowane ɗan kokawa yana da takensa, wato kiɗan da in ya ji jikinsa zai tsuma ya fito fili, kuma Tanko yana alfahari cewa bai taɓa manta taken kowa ba. Akwai wani Bawa, wanda kullum shi ake kayarwa. Da farko Tanko yakan kaɗa masa, daga baya ya ga ɓarnar hannu ce, ya riƙa tsallake shi. Bawa ya yi kaka biyu yana zuwa yana zama a gefen fili, sannan ya daina zuwa, ba kuma wanda ya tambaya. Da kokawa ta ja baya Tanko ya koma kiɗan manoma a wurin gayya, daga nan ya koma kiɗan masunta. Wata rana kwalekwalensa ya kife a tsakiyar kogi, wani mutum ya faɗa ruwa ya fito da shi. Da ya farfaɗo sai mutumin ya ce, "Ni ne Bawa. Ba na son ladan komai, takena kawai za ka kaɗa mini." Tanko ya ɗauki ganga, ya ɗaga hannu, hannun ya tsaya a sama. Bawa ya jira, ya jira, sannan ya goya shi ya kai shi gida.

Nan Iya ta tsayar da tatsuniyar, ko ƙurunƙus ba ta ce ba. Na tambaye ta ina hukuncin, don na saba a ƙarshe a ga mai laifi ya sha kashi.

"Maigida, goyon nan da aka yi masa," in ji ta, "ai gara a ce duka ne."

Ban gane ba. Na ce tatsuniyar ba ta yi daɗi ba, ta ce to in biya ta goronta.

Na girma na zama koci a wata kwaleji a kudancin Landan, shekara ashirin da bakwai. Da ƙwallon ƙafa na fara. Da aka sayar da filin aka mayar da ni tsere, daga nan ƙwallon raga ta 'yan mata, a ƙarshe ƙwallon kwando. Duk inda aka jefa ni sai na ciwo kofi, kuma ban ɓoye jin daɗina ba. Ina da wata ɗabi'a da aka san ni da ita: in wasa ya yi zafi nakan yi wa gwanayena kirari da Hausa daga bakin fili. Ba sa jin ko kalma ɗaya, amma suna so. A duk taron iyaye nakan bugi ƙirji in ce ni ban taɓa manta ɗalibi ba, har na yarda da kaina.

Bara ɓarin jikina na hagu ya shanye. Bayan mako uku a asibiti aka turo ma'aikaciyar da za ta koya mini tafiya. Ta tsaya a gaban gadona, ta ɗan rusuna.

"Coach, ina kwana? Ka gane ni?"

Na dubi fuskarta, ban samu komai ba. Katin sunanta na rataye a wuyanta, tabarau na idona, kallo ɗaya ya isa in fita kunya. Sai na tuna hannun Tanko a sama. Na kawar da kai na ce mata ta yafe mini, ban gane ta ba.

Ta ce sunanta Rahila, iyayenta mutanen Jos ne da ke zaune a unguwar Peckham, kuma ta yi shekara biyu a ƙungiyata ta ƙwallon raga. Ba ta faɗa da fushi ba, tana ma gyara mini takalmi ne.

"Kullum ina benci," ta ce. "Kana yi musu kirari, su ba sa ji. Ni kaɗai nake ji. I kept thinking, wata rana zai yi mini nawa."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na so ta zage ni, ko ta nemi a ba ta wani majinyacin. Ita kuwa ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatata ta ɗaga ni tsaye. Da ƙafar ta ƙi motsi, sai na ji ta a hankali kusa da kunnena: "Taka, ɗan zaki, ƙasa ba ta cizo." Kalmomina ne, waɗanda na yi wa wasu, ta riƙe su shekara goma sha biyar. Na taka.

Wata huɗu tana ɗauke da nauyina a barandar asibitin, ba ta sake tayar da maganar ba. Iya ta daɗe a kabari a Wudil, ba halin in koma in ce mata na gane. Ranar da aka sallame ni na ce wa Rahila na shirya mata kirarinta, in ta yarda in faɗa. Ta yi murmushi, ta miƙo mini sandata.

"Bar shi, Coach," ta ce. "Lokacin da nake buƙatarsa ya wuce."