Tsohuwa a Ƙofar Kotu

Mairead mai kifi ba ta san tsohuwar ba, amma ta kasa ɗauke ido daga kanta. Ga ta tsaye a ƙofar kotu cikin yayyafin gundumar Mayo ta ƙasar Ireland, ba takalmi, baƙin mayafinta ya jiƙe sharkaf. Hannuwanta sun yi kaushi, irin na wadda ta ƙarar da ƙuruciya tana tsince duwatsu a gonar da ba tata ba.

An ce ɗanta ake wa shari'a, wai ya jefi wakilin mai gonakin ranar da aka yaye musu jinka don a kore su. Alƙalin kuwa abokin farautar wakilin ne, kuma da Ingilishi ake komai.

Wakilin ya fito yana gyara safar hannu. Maza suka ƙi cire hula. Ita kuwa sabo ya sa ta rusuna. Ta farga, ta miƙe, ta tofa yawu inda ya taka.

Sai ta juyo. "'Yar nan, ke kina jin yarensu. Me suka ce kan Cathal ɗina?"

Mairead ta ji 'yan sanda na faɗi: ɗaurin shekara bakwai, a hayin teku. Ta jawo kujerarta.

"Iya, zo ki zauna tukuna."