Taransifomar da Baba Bai Kunna Ba

Jiya taransifomar layinmu a Kazaure ta yi yoyo, warin man cikinta ya shigo har tsakar gida. Na yar da tsintsiya na zauna, don irin wannan warin rigunan Baba suke yi.

A shekarun da kuɗin fetur ya shigo, aka ce wuta za ta zo har garinmu Gwiwa. Baba ya bar aikin lantarki a Kano, ya dawo gida da tsohuwar taransifoma irin ta kan falwaya. Da hanci ya zaɓe ta. Yakan buɗe murfi ya shinshina man, in ya ji ƙauri ya wuce. Burinsa ya haɗa wayoyinta a juye, ƙaramar wuta ta shiga, babba ta fito, ya ga shuɗin tartsatsi na tsalle tsakanin ƙarafa biyu. Sha'awa ce kawai.

Wata rana na kai masa fura zaure, na tarar yana ɗaure waya, hannun hagu cikin aljihu.

"Baba, ai babu wuta a jikinta."

"Ke dai, 'yar nan. Hannu ɗaya na aiki ne, ɗaya na iyali. Ranar da ka raina ta, ran nan take zuwa."

An kafa falwayoyi, gara ta cinye su, waya ba ta zo ba. Haka ya yi ta goge ƙarfen nan har ya rasu. Bayan sadakar arba'in yayyena suka sayar wa 'yan gwangwan, aka fasa ta a gabana aka zare jan ƙarfen. Har yau abin na cina.

Allah ya haskaka kabarinka, Baba. Wannan hasken kam, kada a sa ka jira.