Dutsen da Kowa Ke Ce Mini "A Dawo"

Mun tashi da asuba daga McLeansville, garin da muke zaune a ƙasar waje kusa da birnin Greensboro, ko addu'ar bayan salla ban ƙarasa ba uwargida ta fara danna ham a mota. Duk da haka sai da na zagaya bayan gida na leƙa lambuna. Kuɓewa ta ƙosa, yakuwa ta yi shar, attaruhu ya fara ja. Na daɗe a tsaye, don ban sani ba ko kallon ƙarshe nake yi masa.

Bari ku ji dalili, jama'a. Bara aka yi mini aiki a gwiwar hagu, aka sa mini ta ƙarfe. Tun daga ranar na zama ƙwai a gidan nan. Uwargida ta ɓoye fartanyata, wadda na taho da ita tun daga Zariya, ta ce noma ya ƙare, za a kira masu inji su baje lambun a shuka ciyawa irin ta gidajen masu kuɗi na unguwar Irving Park. 'Yarmu ta fari, mai aiki a asibiti, ta goya mata baya. Ita ce ta shirya mana wannan tafiya zuwa wani ƙauyen manoma a Kataloniya, can ƙasar Sifen, wai in je in huta. Da na ga hoton ƙauyen, ga dutse a bayansa da tsohuwar hasumiya a ƙoli, sai na kafa sharaɗi: in na hau dutsen can da ƙafata, a ba ni fartanyata. In na kasa, a baje lambun, ba zan ce uffan ba. Suka kalli juna, suka yi dariya, suka amince.

Tikitin mai araha aka saya, kuma araha ba ta ado. Wuni guda muka yi a zaune muna jiran jirgi na biyu, sai washegari da hantsi muka sauka a Barcelona. 'Yar tamu, wadda ta rako mu, ta karɓo motar haya 'yar mitsitsiya, akwatin uwargida ma da ƙyar ya shiga. Hanya lafiyayya ce, amma shataletale ya yi yawa, kana fita daga wannan wani na jiranka. Da muka bar babban titi sai gonaki suka buɗe: inabi, zaitun, masara, ga katangun dutse da aka jera ba siminti suna tare ƙasa a gangare. Manomi ko a ina yake ka gan shi ka san shi. Inda kuma ake kiwon alade, hanci ne zai fara ba ka labari.

Masaukinmu gidan gona ne na dutse, na wata dattijuwa da mijinta. Ba ta jin Turanci, mu ba ma jin yarensu, amma da hannu da murmushi aka yi ta hira. Yarinyar ta nuna mata a waya cewa ba ma cin alade ba ma shan giya, ta dafa ƙirji ta gyaɗa kai. Ta kawo burodi gasasshe, ta goga masa tafarnuwa, ta murza masa tumatir, ta zuba man zaitun da gishiri. Uwargida ta raɗa mini cewa wannan ai abincin ƙarshen wata ne. Yanka huɗu ta ci. Bayansa aka kawo farin wake da ƙwai da kifi.

Kwana biyun farko yawon ƙauye muka yi. Lungunan ƙanana ne, mota ba ta shiga, ƙararrawar coci kuma ba ta gajiya da faɗin lokaci. Da azahar kowa ya rufe shago ya tafi ya ci ya kwanta, ko ruwa kake nema sai ka jira la'asar. A kasuwar mako tumatir da ɓaure sun fi na Greensboro araha da daɗi nesa ba kusa ba. A nan ne aka miƙo mini wani farin abin sha mai sanyi, na kurɓa na ce la ilaha illallahu, kunun aya! Shi ne wallahi, sunan kawai suka canja. Mun kuma hau keke a kan wata tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka mayar ta masu yawo. Gwiwa ba ta ce komai ba, sai dai ni da ita mun san babban gwajin yana gaba.

Rana ta huɗu, da muka karya, muka kama hanyar dutsen. Mijin dattijuwar ya ara mini sandarsa ta kiwo. Uwargida ta rataya jaka cike da ruwa da man zafi da dabino, tana ta faɗin ba don ni za ta hau ba, don ta ga faɗuwata da idonta ne. Hanyar an yi mata alama da fenti a jikin duwatsu, tana ratsa gonakin zaitun kafin ta shiga daji.

Ba mu yi nisa ba muka haɗu da wani tsoho yana saukowa da karensa. Ya dube ni, ya dubi sandar, ya ɗaga hannu ya ce, "A dawo!"

Na tsaya cak. Uwargida ta tafa hannu. "Ka ji ko, Malam? Har Turawa sun ce a dawo."

Na ce kunnenta ne. Can gaba sai ga wasu mata biyu, su ma "A dawo!" Masu keke uku suka wuce fuu, kowanne "A dawo!" Haba jama'a! Ni da na hau dutsen Kufena ba takalmi ina saurayi, yau ni ake kora daga gindin wannan? Raina ya ɓaci ƙwarai. Duk wanda ya ce a dawo sai in ce masa ba zan dawo ba, in ƙara sauri. Yarinyar tana bayana, shiru, sai gyaran murya.

Gaskiya ɗaya ce, kusa da ƙoli na sha wuya. Hanyar ta koma matakalar dutse, gwiwar ta ɗauki zafi, numfashi ya yi sama. Na zauna a kan wani dutse na kasa tashi. Tsoro ya kama ni, ba na ɓoye muku. A raina na ga inji yana bi ta kan kuɓewata, na ga kaina a kujera gaban talabijin har ƙarshen rayuwa. Uwargida ta daina tsokana, ta durƙusa tana shafa mini man zafi, ta ce a hankali, "Ya isa haka, ka yi ƙoƙari."

Sai ga wata tsohuwa tana saukowa, wadda ta girme ni da aƙalla shekara goma sha biyar, da 'yar sandarta da kwandon ganye. Ta yi mini murmushi mai daɗi ta ce, "A dawo."

Wannan ta gama ni. Na ce bismillah, na dogara sandar na miƙe. Taku ɗaya, hutu, taku ɗaya, hutu. Ban ɗaga kai ba sai da hannuna ya taɓa bangon hasumiyar. Allahu akbar! Ga ƙauyen can ƙasa kamar a tafin hannu, gonaki kore da ruwan ƙasa, manyan duwatsu a arewa, iska mai sanyi tana kaɗawa. Na yi kuka, kuma ban ji kunya ba. Uwargida ta iso tana haki, ta zube a gefena ta ce, "Sannu, namijin duniya."

A nan ne 'yata, wadda kullum in na yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci, ta buɗe baki da Hausa tsantsa. "Baba, ba korarka suke yi ba. Adéu suke cewa. Gaisuwarsu ce in an wuce juna a hanya, kamar sai an jima." Na ce tun yaushe kika sani? Ta ce, "Tun a mota. Na ga kalmar tana tura ka, shi ya sa na yi shiru." Ashe bayin Allah gaishe ni suke ta yi, ni kuwa ina ta yi musu gardama. Muka yi dariya har cikinmu ya ƙulle.

Ranar tafiya na mayar wa dattijon sandarsa. Matarsa ta cusa mana kwalbar man zaitun, ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗaga hannu tana faɗin kalmar nan tasu. Wannan karon na san ma'anarta, amma na amsa mata da tawa fahimtar: in sha Allahu za mu dawo.

Mun iso gida lafiya, kuɓewa ta yi ƙarfi ta wuce miya sai dai iri. Abin da na koyo shi ne, jiki yana da sauran ƙarfin da ba ya nunawa sai an taɓa zuciya, kuma ba duk wanda ka ji kamar yana korarka ne maƙiyinka ba. Washegari da safe uwargida ta buɗe akwatin atamfofinta, ta zaro fartanyata daga can ƙasa, a naɗe cikin tsohon zani. Shekara guda ina kwana kusa da ita ban sani ba. Ta miƙo mini da hannu biyu. Na saɓa ta a kafaɗa na nufi ƙofar baya, sai na ji muryarta daga kicin.

"A dawo lafiya, Malam."