Tafiyau, Karen da Ya Zo da Mu

Karatuna bai yi nisa ba, amma a fannin karnuka ni babban malami ne. Shi ya sa da jikata Nafisa ta nuna mini wani ƙaton kare a wayarta, mai kai kamar turmi da leɓɓa a zube, tana bayani da Larabci wai na Turawa ne, na gyara rawani na ce mata ƙarya suke yi. Jikan Tafiyau ne.

Muna yara, a ƙauyenmu na bakin kogi, gabas da garin Rufa'a a nan ƙasar masu jin Larabci, bayan sallar magariba mukan kewaye Kaka Hure a gindin murhu, tana gasa mana masara. Duk tatsuniyoyinta da gatanan take buɗe su, ban da wannan.

"Wagga ba tatsuniya ba ta," in ji ta. "Wanda yay yi dariya ba shi da masara."

Wai lokacin da kakanninmu suka baro ƙasar Sakkwato, wani Buzu ya ba kakanta kwikwiyo. A hanya ya girma har ya kai ɗan maraƙi. Ba ya haushi, ba ya cizo. In kura ta matso, tashi kawai yake yi tsaye, sai ta tuna tana da wani uzuri. Yara kan hau bayansa, shi kuwa yana ta zubar da yawu kamar igiya, dattawa na janye rigunan sallarsu.

Da suka iso bakin kogin nan suka sami gona, sai suka ce tafiya ta ƙare. Suka ɗaure Tafiyau a bakin dawa ya yi gadi, suka cika masa ƙwarya. Ya ƙi ci. Ya kwanta ya juya kai yamma, ya rame, har ya fara yi wa yaran da ya goya gurnani.

"Sun aza ciwo na," in ji Kaka, tana juya masara. "Ina! Abin da ya saba hanya, in ka ɗaure shi, ka kashe shi."

Kakanta ya kwance igiyar. Kullum da sassafe su bi gaɓar ruwa, mutum da kare, har rana ta ɗaga. Tafiyau ya koma cin tuwonsa.

Na daɗe ina zaton labarin kare ne. Yanzu Kaka na kwance a maƙabartar bayan gari, waɗanda muka yi rabon masara da su sun watse, wasu Kamlin, wasu Suki, wasu lahira. Hausar da ta ba ni kuma ga ta ɗaure a bakina, ba mai fita da ita sai ni da tsofaffi biyu a ƙofar masallaci.

Sai na ba Nafisa labarin kaf, ban sa Larabci ko ɗaya ba. Rabi ta gane, rabi ta bi hannuna da ido. Da na gama, sai ta harhaɗo kalmomin Hausa da ƙyar:

"Kaka... karen... ya koma gida?"

Na ce bai koma ba, 'yar nan. Amma ɗauko mini sandata, mu taka zuwa bakin ruwa, in gaya miki sauran.